Bloop da 'yan'uwansa: me ake ji a ƙarƙashin teku, kuma me ya sa wasu sautukan suka gagari masana?

Lokaci zuwa lokaci wani bidiyo kan sake tasowa a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Hoton baƙin ruwa ne, sai a ji wata ƙara kamar fashewar ƙatuwar kumfa, sannan rubutu ya biyo baya cewa masana sun naɗi kukan wata halitta da ta fi kowace dabba girma. Wasu su ce dodon ruwa ne, wasu su ce 'yan ruwa ne.

Sautin dai na gaskiya ne. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ita ta naɗe shi a 1997, aka laƙaba masa suna Bloop. Sai dai akwai abu biyu da bidiyon ba ya faɗa. Na ɗaya, abin da ake kunnawa an ninka saurinsa sau 16 ne, domin ainihinsa ya yi kaurin da kunnen mutum ba zai iya kama shi sosai ba. Na biyu, hukumar ta daɗe da bayyana abin da ya haddasa shi. Duk da haka ba a rufe babin sautukan teku ba, akwai waɗanda har yau ba a tabbatar da tushensu ba. Kafin a rarrabe wanda aka gano da wanda ya rage, sai an san yadda ake sauraron tekun.

## Kalmomin da ake yawan ji

Haidirofon shi ne makirufon cikin ruwa. A cikinsa akwai wani yumɓu na musamman da ke fitar da 'yar wutar lantarki duk lokacin da matsin ruwa ya motsa shi, wutar nan ce ake juyawa zuwa sauti.

Hats ma'aunin karkarwar sauti ne, wato sau nawa yake kaɗawa a sakan ɗaya. Idan adadin ya yi ƙasa sauti ya yi kauri kamar tambari, idan ya yi sama ya yi siriri kamar sarewa. Kunnen mutum yana ji daga hats 20 zuwa 20,000. Da yawa daga sautukan da ake muhawara a kansu suna ƙasa da hats 100, wasu ma ƙasa da 20. Shi ya sa ake ƙara musu gudu kafin a kunna wa jama'a, kuma ƙarin gudun yana sauya kamanninsu gaba ɗaya: abin da ya ɗauki minti guda yana ruri a hankali sai ya koma ƙara ta sakan huɗu.

Masu binciken ba da kunne suke aiki ba, da ido ne. Kwamfuta tana mayar da sautin zane: lokaci a kwance, kauri ko sirantaka a tsaye, ƙarfi kuma da launi. Girgizar ƙasa da farfelar jirgi da kukan dabba kowanne yana da irin zanensa, kamar yadda maharbi ke bambanta sawun kura da na kare. Idan aka ce sauti "ba a gano shi ba", ma'anar ita ce zanensa bai dace da ko ɗaya cikin waɗanda aka riga aka sani ba.

## Me ya sa sauti ke cin dubban kilomita a ruwa

Haske ba ya nisa a teku. Daga zurfin mita 200 ya fara dusashewa, daga mita 1,000 kuwa hasken rana ya ƙare, alhali matsakaicin zurfin teku ya kai kimanin mita 3,700. Igiyar rediyo ma ruwan gishiri na shanye ta nan da nan. Sauti ne kaɗai ke tafiya, yana gudun kusan mita 1,500 a sakan, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska.

Gudun nan ba ɗaya ba ne a kowane zurfi, kuma nan ne asirin yake. Ɗumi yana ƙara wa sauti sauri, matsi ma yana ƙara masa. A saman teku ruwa na da ɗumi, don haka sauti na sauri. Ana yin ƙasa ruwan na sanyi, gudun na raguwa. A wajen mita 1,000 sanyin ya kusa kai iyakarsa, daga nan sai nauyin ruwan da ke sama ya karɓi ragama, gudun ya sake hawa. Ke nan akwai wani bene a tsakiya inda sauti ya fi tafiya a hankali. Ɗabi'ar sauti kuwa ita ce ya lanƙwasa zuwa inda gudu ya yi ƙasa. Duk sautin da ya shiga wannan bene, in ya nufi sama a lanƙwaso shi ƙasa, in ya nufi ƙasa a lanƙwaso shi sama. Ba ya taɓa saman ruwa, ba ya taɓa ƙasan teku, don haka ba ya zubar da ƙarfinsa. Kamar ruwa ne a cikin bututu.

Ana kiran wannan bene SOFAR. Maurice Ewing da J. Lamar Worzel na Amurka sun gwada shi a 1944, Leonid Brekhovskikh na Tarayyar Sobiyet shi ma ya gano shi da kansa jim kaɗan bayan haka. A 1991 wata tawaga ƙarƙashin Walter Munk ta saki sauti mai hats 57 kusa da tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi a gaɓar gabas da ta yamma ta Arewacin Amurka bayan tafiyar kimanin awa uku. Saboda haka jin sauti daga nesa mai tsawo ba ya nuna cewa abin al'ajabi ne ya yi shi. Halin tekun ke nan.

## Kunnuwan da aka dasa don yaƙi

A shekarun 1950, lokacin Yaƙin Cacar Baka, rundunar ruwan Amurka ta shimfiɗa jerin haidirofon a ƙasan teku, tsarin da ake kira SOSUS, don sauraron jiragen yaƙin Sobiyet masu nitso. Shekaru da dama bayanan na sirri ne. Sai a farkon shekarun 1990 aka fara ba masana farar hula dama, NOAA ta fara amfani da su a 1991, daga baya kuma ta dasa nata a gabashin Fasifik a 1996. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk shahararrun sautukan nan suka fito tsakanin 1991 da 1999. Ba tekun ne ya fara magana a lokacin ba, masu saurare ne suka samu shiga.

Yadda ake dasa irin na NOAA yana da muhimmanci. Ana jefa ƙarfe mai nauyi ƙasan teku, a ɗaura masa doguwar igiya, a saman igiyar a sa abin da ke yawo bisa ruwa don ya miƙar da ita, haidirofon kuma ya rataya daidai benen SOFAR da batirinsa da ma'ajiyarsa. Yana naɗa shi kaɗai har shekara guda ko fiye. Sai jirgi ya dawo, ya aika siginar da za ta kwance ƙugiya, na'urar ta taso, a kai ta ɗakin bincike. Wato sau da yawa ana jin labarin sauti ne watanni bayan aukuwarsa, lokacin da babu sauran abin da za a je a gani.

## Bloop: hujjar masu cewa dabba da hujjar masu cewa ƙanƙara

An ƙiyasta tushen Bloop a kudancin Fasifik, yamma da ƙarshen Kudancin Amurka, wajen digiri 50 kudu da 100 yamma. Na'urori sun ji shi daga nisan fiye da kilomita 5,000, wanda ya zarce nisan Kano zuwa Makka. Ya ɗauki kimanin minti ɗaya, yana farawa da kauri yana sirancewa.

Masu ganin dabba ce ba su yi magana haka kawai ba. Yadda sautin ke hawa da sauri ya yi kama da kukan wel, dabbar nan mai shayarwa da ake kira babban kifi. Kuma teku ta sha ba da mamaki: sai a 1977 aka fara ganin maɓuɓɓugan ruwan zafi kusa da tsibiran Galapagos, da halittun da ke rayuwa a wurin ba tare da hasken rana ba. Ƙaton sikwid, wata halittar teku mai dogayen hannuwa da yawa, wanda ake jin labarinsa tun ƙarnoni, sai a 2004 masana Japan suka ɗauki hotonsa da rai a mazauninsa. Tambayarsu ita ce, in waɗannan sun ɓuya tsawon wannan lokaci, me zai hana wani ya ɓuya?

Raunin wannan ra'ayi shi ne ƙarfin sautin. Shuɗin wel, wanda tsawonsa ke kai mita 30 kuma ba a san dabbar da ta fi shi nauyi ba, muryarsa ba ta kai haka ba. Dabbar da za ta yi Bloop sai ta ninka shi, kuma ba za ta kasance ita kaɗai ba, dole akwai iyaye da 'ya'ya, dole su ci tan-tan na abinci, su mutu su bar ƙashi. Ba a taɓa samun ko ɗaya ba.

Amsar ta zo ne da aka matsar da kunnuwan kudu. Daga 2005 masanan NOAA, cikinsu har da Robert Dziak, sun dasa haidirofon kusa da Antaktika, a mashigin Bransfield da na Drake. Sai suka tarar irin wannan sauti ba baƙo ba ne a can, dubbai ake naɗa a shekara. Girgizar ƙanƙara ce: tsagewar manyan duwatsun ƙanƙara, ko ɓallewarsu daga gaɓa. A 2008 an bi wani dutsen ƙanƙara mai lamba A53a yana farfashewa kusa da tsibirin South Georgia, zanen sautinsa ya yi daidai da na Bloop. Zuwa 2012 hukumar ta bayyana matsayinta a fili. A shekarar ce kuma ta fitar da sanarwa cewa ba a taɓa samun shaidar wanzuwar mutanen ruwa ba, bayan wani shirin talabijin na ƙirƙira da aka shirya shi kamar rahoton gaskiya ya rikita masu kallo.

Adalci dai shi ne a faɗi iyakar wannan hujja. Babu wanda ya ga takamaiman ƙanƙarar da ta tsage a 1997. Abin da ake da shi shi ne kamanni na zane, da dacewar shiyyar da sautin ya fito, da kuma abin da aka tabbatar yana da ƙarfin yin hakan. A gefe guda kuma babu ko ƙashi ɗaya. Ma'aunin ya rinjaya ƙwarai.

Haka aka danganta sauran 'yan'uwansa da ƙanƙara: Train na 5 ga Maris 1997, Slow Down na 19 ga Mayu 1997 wanda ya ɗauki kimanin minti bakwai yana raguwa, da Julia na 1 ga Maris 1999. Bayanin da aka fi karɓa shi ne gindin dutsen ƙanƙara ne ke gurzar ƙasan teku har ya tsaya.

## Inda masu cewa dabba suka yi gaskiya

Ba kullum ƙanƙara ke cin nasara ba. Tun shekarun 1960 ma'aikatan jiragen nitso ke jin wani sauti mai maimaituwa a tekun kudu, kamar kukan agwagwa, aka sa masa suna Bio-duck. Ya yi shekara 50 ana ce-ce-ku-ce, har da masu zargin na'urar soja ce. A 2013 aka manna wa wel biyu na jinsin minke 'yan na'urorin naɗa a bayansu kusa da Antaktika, sai ga sautin ya fito daga jikinsu. Denise Risch da abokan aikinta suka wallafa sakamakon a 2014. Wani sautin mai suna Boing a arewacin Fasifik shi ma na minke ne, an tabbatar a 2005 bayan jirgin bincike ya bi sautin har ya ga mai shi. Biotwang, wanda aka naɗa a 2014 kusa da tsibiran Mariana kuma yake kama da ƙarar inji, a 2024 aka tabbatar na wel jinsin Bryde ne.

A duka ukun hanyar ɗaya ce: sai an haɗa ji da gani a lokaci guda. Kuma a duka ukun dabbar sananniya ce tun da daɗewa, muryarta ce ba a sani ba.

## Waɗanda suka rage

Upsweep yana cikin waɗanda suka fi daɗewa. Tun Agusta 1991 ake jin sa a faɗin Fasifik, jerin sautuka masu hawa, kowanne 'yan sakanni. Yana ƙaruwa sau biyu a shekara, kuma ƙarfinsa na raguwa tun lokacin da aka fara naɗa. Tushensa yana wajen digiri 54 kudu da 140 yamma, inda ake da alamun duwatsu masu aman wuta a ƙarƙashin ruwa, don haka zato ya fi karkata can. Abin da ya hana rufe maganar shi ne hawa da saukarsa bisa yanayin shekara: dutse mai aman wuta ba ya bin kalanda, sai dai ko ruwan da sautin ke ratsawa ne ke sauyawa.

Akwai kuma wel mai hats 52. An fara jin sa a 1989, William Watkins na cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka da tawagarsa suka bi sawunsa shekara 12 a arewacin Fasifik, aka wallafa a 2004. Tafiyarsa irin ta shuɗin wel ce, amma muryarsa ta fi tasu sirantaka. Wasu na ganin ruwa biyu ne tsakanin jinsi biyu, wasu na ganin nakasa ce. Ba a taɓa tabbatar da ganinsa ba. Laƙabin da aka ba shi na wanda ya fi kowa kaɗaici a duniya kuwa ƙarin gishirin 'yan jarida ne, domin babu shaidar cewa 'yan'uwansa ba sa jin sa.

A 2016 mafarautan Inuit na Igloolik a arewacin Kanada sun yi ƙorafin wata ƙara daga ƙasan mashigin Fury da Hecla, suka ce tana korar dabbobin da suke farauta. Sojan Kanada ya aika jirgin sama mai na'urorin saurare, bai ji komai ba.

## Abin da ke lalata bincike

Don a san wurin da sauti ya fito ana buƙatar aƙalla haidirofon uku, a kwatanta lokacin da ya isa kowanne. Kuskuren sakan ɗaya a agogo daidai yake da kuskuren kilomita ɗaya da rabi, agogon na'urar da ta shekara cikin sanyi kuwa yana zamewa. In duka na'urorin suna gefe guda, nesa da tushen, za a san shiyya amma nisan zai iya kaucewa da ɗaruruwan kilomita. In na'ura ɗaya kaɗai ta ji, kamar yadda ya faru da sautin Whistle na 7 ga Yuli 1997, babu lissafin da zai nuna wurin.

Hanya ma tana sauya sauti. Ɓangaren siriri yana mutuwa da wuri, mai kauri ya ci gaba. Duwatsun ƙasan teku suna tare wani, suna maido da wani. Abin da ya fara a matsayin ƙara guda ya iso a miƙe. Ita kanta igiyar da ke riƙe da na'urar, in ruwa mai gudu ya buge ta, tana kaɗawa kamar tsirkiyar garaya ta shiga cikin naɗin.

Sai batun desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, inda rahotanni suka fi yin tuntuɓe. Ma'aunin cikin ruwa da na iska ba daga tushe ɗaya suke farawa ba. Kafin a kwatanta su sai an cire kusan 62 daga adadin ruwa. Duk rubutun da ya ɗora desibel 188 na shuɗin wel kai tsaye a kan na injin jirgin sama ya haɗa mudu biyu daban ne.

Ƙari a kan haka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na ƙasan teku aka zana taswirarsa dalla-dalla da na'urorin zamani. Zuwa can ma ba wasa ba ne: kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya, a ramin Challenger na Fasifik kuwa, wuri mafi zurfi a teku, mai zurfin kusan mita 11,000, matsin ya haura ninki dubu. A 2015 an saukar da haidirofon cikin kwanson ƙarfen taitaniyam zuwa can, ya yi kwana 23 yana naɗa. An zaci shiru za a tarar. Abin da aka samu shi ne girgizar ƙasa, kukan wel, rurin guguwar da ke wucewa a sama, da farfelar jiragen dakon kaya.

## Ina ruwan wanda ke tudu?

Sauraron nan yana da amfanin da ya wuce warware kacici-kacici. Hukumar sa ido kan haramcin gwajin nukiliya, CTBTO, tana da tashoshi 11 kacal na sauraron teku, kuma sun isa su rufe duniya albarkacin benen SOFAR. Ranar 15 ga Nuwamba 2017 jirgin nitso na Ajantina, ARA San Juan, ya ɓace da mutum 44. Tashoshin tsibirin Ascension da na Crozet, masu nisan dubban kilomita, sun naɗi wata ƙara gajeriya mai ƙarfi, aka lissafa wurin. Bayan shekara guda aka samu tarkacen jirgin a zurfin kimanin mita 900, kusa da inda lissafin ya nuna.

Kuskuren fassara kuma yana da tsada. A Yunin 2023, lokacin neman ƙaramin jirgin Titan da ya nitsa da mutum biyar don ganin tarkacen Titanic, an ji wasu ƙararraki kamar bugu, iyalai da duniya suka sa rai. Daga baya ya tabbata jirgin ya murƙushe tun ranar farko, bugun ba shi da alaƙa da shi.

Hayaniyar ɗan Adam ita ma ta zama batu. Binciken mai a teku, irin wanda ake yi a Mashigin Gini, yana amfani da bindigogin iska da ke harbawa kusan kowane sakan 10 zuwa 15, makonni a jere. Kamfanoni na cewa suna sa masu lura a jirgi, suna kuma fara harbi da ƙaramin ƙarfi don dabbobi su kauce. Masu kare muhalli da masunta na cewa sautin na kaiwa inda idon mai lura ba ya kaiwa. A Maris 2000 fiye da wel goma sun faɗo gaɓa a Bahamas, binciken gwamnatin Amurka kuma ya danganta hakan da sonar ɗin jiragen yaƙinta, wato na'urar da ke harba sauti mai ƙarfi cikin ruwa don gano abin da ke ƙarƙashi.

Mafi kusa da mai karatu a Kano ko Damagaram ko Kumasi shi ne wayoyin intanet da ke kwance a ƙasan teku. A Janairun 2020 ambaliyar laka ta taso daga bakin Kogin Kwango, ta gangara cikin kwazazzabon ƙarƙashin ruwa fiye da kilomita 1,000, ta tsinke wayoyin da ke haɗa yammacin Afirka, intanet ya yi rauni daga Nijeriya har Afirka ta Kudu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, hada-hadar banki da ta waya ta tsaya cak a wurare da dama a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu. Binciken farko na MainOne ya nuna motsin ƙasan teku ne. Irin wannan zabtarewa tana da nata sauti da nata zane, kuma masana sun fara gwada amfani da su kansu wayoyin, waɗanda zaren gilashi ne mai ɗauke da saƙo ta hanyar haske, a matsayin dogayen kunnuwa, ta hanyar auna yadda girgiza ke sauya hasken da ke gudana a cikinsu.